Ni Na Hana Rifkatu Barci

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Ni ce Maman Rifkatu, mai awara a bakin tasha a nan Mafara. Sai da na haifi shida na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka in rubutun ya karkace ku yi haƙuri. Maganar dai ba ta karkace ba.

Autata Rifkatu tana da farfaɗiya tun tana shekara goma sha biyu. Asibiti sun ba mu magani, safe da yamma. Ni kuwa na ce aljani ne, kuma ni zan kore shi. Kowace Jumma'a sai in sa ta azumi, maganin safe ya wuce, da yamma in ja ta kwanan addu'a har gari ya waye. In ta fara gyangyaɗi in mintsine ta a cinya. "Mama, barci nake ji." "Tashi! Shaiɗan ne yake danne miki ido."

Washegari sai ta faɗi. Ni kuma in ce madalla, abin ya ji wuta, yana neman hanyar fita. Har rubutawa nake a bayan littafin ajinmu, rana da wata, ina jiran ranar da zan tsaya nan in yi shaidar nasara.

Wata Asabar da safe mun dawo, na bar mata suya na tafi ɗebo ruwa. Ihun mutane na ji. Ta faɗi, hannunta na dama cikin kaskon mai.

Wayyo Allah! Yarinyar da ke yi wa matan unguwa kitso!

A asibiti wata nas, Bamafara, ta tambaye ni, "Inna, jiya ta yi kwana?"

Na ce, "A majami'a muka kwana."

"Ba inda kunka kwana nit tambaya ba. Kwana, barci. Ta runtsa?"

Na miƙa mata littafin don ta ga yawan faɗuwar. Ta bi da yatsa har ƙasa, ta ɗago. "Inna, ke kin rubuta, amma ba ki karanta ba. Kusan duk Asabar ce. Rashin barci da tsallake magani su ke tada ciwon."

Na fita bayan ɗakin na durƙusa a ƙasa. Ban da wata doguwar addu'a. Na ce, "Ubangiji, ɗiya ka ba ni, na mai da ita filin yaƙi. Ka gafarta mini." Nan Allah ya cire mini taurin kai, wanda ya fi ciwon nata tsufa.

Yanzu Rifkatu tana shan magani a kan lokaci, tana cin abinci, ƙarfe tara ta kwanta. Faɗuwar ta ragu ƙwarai, ko da yake ba ta ƙare ba. Yatsunta biyu sun manne, ba ta ƙara kitso ba. Ba ta taɓa goranta mini ba, kuma wannan ya fi zagi zafi.

Na gode wa Allah da ya bar mini ita da rai. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ba ya bukatar idon marar lafiya a buɗe kafin ya ji ku. Duk wadda ta zo gidana ranar Jumma'a ta ce in taso da Rifkatu zuwa kwanan addu'a, zan ba ta kujera a waje mu yi addu'ar tare, amma a hankali. Ɗiyata tana barci.

Amin.