Taswirar Cibiyoyi ta Doña Hermencia

Fada Evaristo, da shugaban majalisar mutanen kogi Don Aquilino, dattawa, ungozomomi, da ku iyalan marigayiya, sannunmu da rashi. Yau kwana tara da binne Doña Hermencia Cuero, kuma har yanzu na kasa duban inda take ɗaure kwalekwalenta.

Kun tuna shekarar da safiyo, mai awon ƙasa, ya zo daga Bogotá. Maza kaɗai ya tara, suka nuna masa wuraren kamun kifi da na saran katako. Da takardarsa ta fito, saman kogin nan duka an rubuta "ba kowa". Da ita kamfanin manja yake neman ƙwace ƙasarmu.

Ranar da aka karanta mana, Hermencia ta dubi Don Aquilino ta ce, "Ba kowa? To kai, uban 'ya'yana na baftisma, a sama uwarka ta haife ka?" Muka yi dariya. Ita ko murmushi.

Ta kasance ungozoma, ta san kowace kwakwa da muka dasa a inda aka binne cibiyar jariri. Ta kasance ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta sayi fensir, ta yi shekara goma sha ɗaya tana bin tsofaffin mata, tana zana kowane rafi da kowace bishiya da sunan mai ita. Ni nake tuƙa ta. In na ce hannuna ya mutu sai ta ce, "Nicomedes, raggo, tuƙa! Tsohuwar can ba za ta jira ka ba."

Bishiya ɗari huɗu da goma sha biyu ta sa. Tata babu. Na tambaye ta, ta ce, "Wajen haihuwata uwata ta rasu. Wa ya kula da cibiya ranar?"

Alhamis za mu kai taswirar gaban alƙali a Tumaco, ba tare da ita ba. Lauyan kamfani ya riga ya ce mai zanen ma ba ta da shaidar zama 'yar nan. Wannan magana ta ƙona ni, wallahi.

Yamileth, 'yar Hermencia, 'yarmu, share hawayenki. Kafin mu tafi ki ɗauki fensirin, ki sa kabarin mahaifiyarki a saman kogi, ki rubuta sunanta. Alƙali ya zo ya gani in ba kowa.

Mun gode da zuwanku. Ubangiji ya ba ta hutawa, ya bar ta a ƙasar da ta zana. Amin.