Karaga Mai Fegi Ɗaya

Assalamu alaikum. Liman Modibbo, dattawan unguwa, Ustaz Yunus shugaban kwamitin tarbiyya na kulliya, kwalejin nan tamu, 'yan kasuwar Gadarif, Goggo Barira da 'ya'yanki, Allah ya ba mu haƙuri. Ni ne Lawali kafinta, a rumfata Ubaidullah ya koyi riƙe zarto.

Ya kasance mai cinye mini ƙusa. Ya kasance duk tsohon wasan kwaikwayon da ɗalibai za su yi, shi ke gina musu masrah, wato dandalin wasan: fada da buhunan riɗi, ganuwa da karan dawar garin Doka. Muna tsokanarsa da sarkin kara, yana dariya.

Goggo, shekara biyu kina tambayata wa ya kai sunan ɗanki ga hukuma. Na yi ta ce miki ƙaddara ce. Yau na gaji da ƙarya.

A wasansu na ƙarshe akwai azzalumin sarkin da ke faɗuwa. Ubaidullah ya ce faɗuwar mutum ba ta isa ba, sai kujerar ta bi shi. Ya haɗa karaga babu ƙusa ko ɗaya, fegi guda ke riƙe da ita, in an zare ta wargaje. Aka zare, zaure ya kwashe da dariya. Wani a sahun gaba bai yi ba. Ya rubuta cewa da hukuma ake.

Aka sa Ubaidullah ƙona aikinsa da hannunsa a filin kulliya. Muna tsaye, ya jama'a, ni da ku, babu wanda ya hana. Aka kore shi, aka kai shi mu'askar, sansanin horon soja, daga can sai fagen yaƙi a Kudu. Takardar rasuwarsa ce ta dawo. Goggo, mutanen hukuma suka zo ƙofarki da guɗa da dabino, wai angwancin shahidi, suka hana ki kuka. Wanda ya rubuta sunan shi ne ya miƙa miki dabinon. Na san rubutunsa, na ga takardar ƙarar.

Ubaidullah ba ya yin abu sai ya yi na gwaji, don haka karagar biyu ce. Ɗayar na rumfata, da safe na kawo ta don babban baƙo.

Ustaz Yunus, na ga ka ji daɗin zamanta. Kada ka motsa, fegin ya tsufa, kuma ba mu yi addu'a ba.

Mun gode da zuwanku. Goggo, yi kukanki yanzu. Allah ya jiƙan Ubaidullah, ya haskaka kabarin da ba a nuna mana ba, ya zaunar da kowa a kan abin da ya gina. Fatiha.