Mai Busa Katantanwa

Wayyo daɗi, mun ci kofin wasan kurket! Ina tashar motar garin Rosignol goye da jaririyata, ana ta tsalle, sai wata tsohuwa ta cafke hannun wani mai busa ƙaton ƙoƙon katantanwar teku.

"Ɗana, teku ya fasa katangar da ke tare shi ne? Mijina Deonarine na gida, ba ya iya tafiya!"

"Haba Anti, kofi muka ɗauko! Taka rawa mana!"

"A ƙauyenmu in aka yi busar nan, ruwa ne ya shigo."

"Yau ko'ina busawa ake, har ƙauyenku."

"Teku fa cike yake tun safe. In ya fasa yanzu aka busa, wa zai gane ba busar murna ba ce, ya je ya ɗauke mijina?"

Mutumin ya sauke katantanwar. "Anti, wacce ce motarku? Mu je."