Ruwan Ƙirjin Mato

Numfashin Mato ya sarƙe a tashar Tanut, ga shi motar Damagaram ba ta cika ba. Matarsa Sakinatu ta jingina shi da buhun hatsi tana yi masa fifita. Wata tsohuwa mai tallar cuku ta matso da ƙwaryar ruwa.

"Ba shi ya sha, ɗiyata."

"A'a, Inna. Ciwon daji ne ya tara masa ruwa a ƙirji, shi ya sa muka hana shi sha."

"Wa ya ce muku ƙirji tulu ne? Ba shi, kada ƙishi ya riga ciwon."

Mato ya kafa kai ya shanye tas.

"An taɓa zuƙe masa?" in ji tsohuwa.

"An sha zuƙewa, yana dawowa. Duk zuwa asibiti sai mun sayar da akuya, yau ta ƙarshe ta tafi."

"To ki roƙi lokotoro, likitan asibitin, in ya zuƙe ya zuba farar hoda a gurbin. Wurin ya manne, ruwa ya rasa masauki, ku huta da hanya. Haka aka yi wa maigidana."

Sakinatu ta cafke hannun tsohuwa. "Ya warke?"

Tsohuwa ta gyara faifan cukunta. "Ya ga girbi, ya yi barci a kwance kamar kowa. Ban ce miki ya warke ba."

Sai ga wani dogo ya diro daga raƙumi, rataye da zabirar wanzanci.

"Ina Mato? Yayansa ya aiko ni da ƙaho. Ya ce ba mai shiga mota."