Gola Biyu a Gida Ɗaya

Ana hutun wasa a filin hokin ƙanƙara na wani ƙaramin gari a lardin Saskatchewan. Darlene na layin sayen kofi, dattijon da ke bayanta sai huci yake.

"Ƙwallo huɗu tun ba a je ko'ina ba! Wannan Friesen ɗin gola ne ko taga? A cire shi a sa Lapointe!"

Ta juyo. "Haba bawan Allah, yaron bai cika sha takwas ba. Bara ai shi ya kai mu wasan ƙarshe."

"Bara ta wuce, baiwar Allah. Ga Lapointe can a benci, hannu kamar tarko, an mai da shi mai buɗe wa 'yan wasa ƙofa. Laifin me ya yi?"

"Ban ce ya yi laifi ba."

"To ai kin yarda ke nan. Ni shekaranjiya don takaici rigar kulob na tuɓe na wurga kan ƙanƙara."

"Ashe kai ne." Muryarta ta yi sanyi. "Friesen ne ya tsince ta. Tana gidana, na wanke."

Dattijon ya yi turus. "Ke ce uwarsa?"

"Iyayensu na nesa. Ni kulob ya ba riƙonsu, shi da Lapointe ɗin. Ɗakinsu ma ɗaya."

"To... wa kike so a sa?"

Ta karɓi kofinta.

"Kai in an tashi, tafiyarka za ka yi. Ni duk wanda koci ya zaunar, farantinsa zan kwashe ko cokali bai sa ba."