Kwamfutar Marigayiya

A shagon gyara, wani dattijo ya ajiye tsohuwar kwamfutar ofis bisa tebur, yana goge ta da hannun riga.

"Katin ƙara mata ƙarfin hoto za ki sa mata. 'Yata ke koyon zanen gine-gine, ita kuwa kwamfutar sai maƙalewa take yi."

Mai gyaran ta buɗe ta leƙa. "Baba, cikinta ya yi ƙunci, wutarta ba ƙarfi. Ku sayi sabuwa mana."

"Yarinyar ta ƙi. Da ita mahaifiyarta ta yi aiki har ta rasu."

"Allah ya jiƙanta." Ta zaro wani siririn kati. "Wannan zai shiga, amma fa ba sauri sosai."

Dattijon ya yi murmushi. "Sa shi. Mai ita ma ba ta taɓa son gaggawa ba."