Hazo a Tsakiyar Idon Brodie

Narelle: Halo? Brodie? Kana jina?

Brodie: Yaya Narelle! Yau kuma an tuna da talaka? Ina wuni?

Narelle: Lafiya lau. Ya hanya? Ya matarka Sharon da 'yan matanku?

Brodie: Suna nan, sun ishe ta da surutu. Ya Townsville? An yi muku ruwa?

Narelle: Ko ɗigo. Kana ina ne, nake jin ƙara haka?

Brodie: Camooweal, gidan mai. Shanu na ɗauko, mota ɗaya mai jan tirela uku, zan kai garin Mount Isa. Na tsaya ne in ci burodin nama. Ya ɗanki Callum? An samo masa gilashin idon?

Narelle: Ba maganar gilashi ba ce. Brodie, gobe zan shiga rediyo.

Brodie: Za ki sayi rediyo?

Narelle: Zan shiga, na ce! Ƙungiyar masu cutar ce ta roƙe ni in yi wa jama'a bayani. Ba na so ka fara ji a can.

Brodie: Wace cuta kuma?

Narelle: Sakamakon gwajin Callum ya fito. Cutar mitokondiriya ce.

Brodie: Mito me? Layin na yankewa.

Narelle: Wasu 'yan abubuwa ne a ƙwayoyin jiki, kamar batir. Namu na da matsala, sai jijiyar ido ta rasa ƙarfi. Callum ba ya gane fuskata yanzu, sai na yi magana.

Brodie: Wayyo Allah. Yaro ɗan sha tara! Tsaya, namu kika ce?

Narelle: Ta wajen uwa ake gadonta. Ka tuna Kawu Merv, ƙanen Mama?

Brodie: Wanda giya ta makantar?

Narelle: Ba giya kaɗai ba ce. Ni da kai duk muna ɗauke da ita. Ba kowa take kamawa ba, amma ta fi kama maza, kuma taba na tsokano ta. Ka jefar da wadda ke hannunka.

Brodie: Wa ya ce miki ina sha?

Narelle: Ina jin kana busawa.

Brodie: Yaya... yaya take farawa?

Narelle: Babu ciwo. Hazo ne kawai a tsakiyar ido ɗaya, daga baya ɗayan ya bi. Me ya sa ka tambaya? Brodie? Halo?

Brodie: Ina nan. Ba komai. Na hagun ne ya ɗan dame ni kwanan nan. Na ɗauka gilashin mota ne, na yi ta gogewa.

Narelle: Na shiga uku! Rufe na dama yanzu. Me ke gabanka?

Brodie: Haba, mutane na kallona.

Narelle: Su kalla! Karanta min allon gidan man.

Brodie: Ina ganin gefensa. Ina ganin sandar.

Narelle: Rubutun fa?

Brodie: Babu. Tsakiyar babu komai, Yaya.

Narelle: Ka ajiye makullin nan. Ka kira maigidanka ya turo wani direba.

Brodie: 'Ya'yana mata fa? Su ma haka za su...

Narelle: A'a. Uba ba ya ba 'ya'yansa. Uwa ce. Ni na ba Callum.

Brodie: Kar ki faɗi haka.

Narelle: Bar ni da wannan. Kai dai kar ka hau motar.

Brodie: Idan na faɗa masa, lasisina ya tafi. Tuƙi kaɗai na iya. Kuma shanun na cikin rana, kafin wani ya iso sun fara faɗuwa.

Narelle: Su faɗi! Akwai mutane a kan titin nan, da yaransu!

Brodie: Idon dama yana gani sarai. Mount Isa kawai zan kai su, sai in wuce asibiti. Kar ki gaya wa Sharon tukuna.

Narelle: Ƙarar me nake ji? Ka tada injin ne? Brodie, don girman Allah, saurare ni. Brodie! Halo? Halo!